'Yar Mai Inji da Wutar Rana

Ku bari in numfasa tukuna, 'yan uwa. Na ga saƙonninku. Wata ta ce ni ba 'yar arziki ba ce tunda na ɗaga wa abincin ubana hannu. Wani ya ce in riƙe aikina gam, maza ba su ƙare a duniya ba. Duk na gode. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Ga waɗanda yau suka fara cin karo da ni: ni ce autar gidanmu, injiniyar lantarki a sashen ayyuka na ƙaramar hukumarmu. Babana kuwa shi ne mai injin kasuwa. Manyan janareta uku gare shi a bayan layin teloli, ya ja wayoyi zuwa shaguna yana sayar musu da wuta tun kafin a haife ni. Da ƙarar injin nan aka ciyar da ni, da ita aka kai ni makaranta. Yanzu ƙaramar hukuma ta ce za ta shimfiɗa farantan sola a rufin kasuwa, a kashe injina. Wa aka ɗora wa aikin? Ni. Wanda yake nemana da aure kuma, wanda kowa ke kira Manaja, ɗan Alhajin gidan mai ne, mutumin da ke sayar wa Baba dizal. To kun ji tsaka mai wuya.

Ranar da za a yi taron 'yan kasuwa a sakatariya, na tashi da wuri na hura gawayi a dutsen guga. E, gidan mai wuta da dutsen gawayi, ku yi dariyarku. Injin Baba na kasuwa ne, mu a gida sai jiran wutar gwamnati, ita kuwa baƙuwa ce mai zuwa ba sallama ta tafi ba ban kwana. Na goge doguwar rigata mai ruwan toka, wadda ba ta da ado ko ɗaya sai ɗan layin zare a hannu, da farin mayafi. Ban sa jan baki ba. Ba na so a ce yarinya ta zo nuna kwalliya.

Ina ɗaura agogo Mama ta ɗaga labule. Ba ta shigo ba, ta tsaya a bakin ƙofa da tsintsiya a hannu.

"Auta, yanzu da gaske zuwa za ki yi?"

"Aikina ne, Mama."

"Aikinki ne ki tsaya gaban duniya ki ce sana'ar ubanki guba ce?"

"Ban ce zan faɗi haka ba."

"Ko ba ki faɗa ba, haka za a ji. Jiya Gwaggonki har gida ta zo, ta ce a layin masu kifi ba a maganar kowa sai taki. Wai an yi wa kaza karatu ta dawo tana tsattsagar mai ita." Ta sassauta murya. "Ga yaron nan mai hankali, iyaye sun riga sun yi magana. Kina so ki zubar da komai a yini ɗaya?"

Sai wayata ta yi ƙara a kan katifa. Saƙon Manaja ne.

"Fitilata, kin tashi?"

Kafin in taɓa komai wani saƙon ya shigo.

"Alhaji ya kira ni jiya. Ya ce in kika tsaya gaban mutane kika yi magana a kan inji, shi ya zare hannunsa daga maganarmu."

Sai na uku.

"Don Allah ki ce kanki ke ciwo. Yau kaɗai. Wani ya yi bayanin."

Ni fa ina son mutumin nan, kada wata ta yi min wata fassara. Ranar da muka fara haɗuwa ya kawo wa Baba mai ne, ya tarar da ni na tura kai cikin akwatin wayoyi ina neman inda ya ƙone. Ba wanda ya roƙe shi, ya haska min da fitilar wayarsa har hannunsa ya ƙage, farar rigarsa ta sha baƙin mai. Da na fito ya ce, "Ashe fitilar ma mace ce." Daga nan sunan ya bi ni. Mutum ne mai sanyi, bai taɓa ɗaga min murya ba. Matsalarsa ɗaya, bai taɓa ce wa Alhaji a'a ba.

Na rubuta masa: "Kaina lafiya ƙalau." Na jefa wayar cikin jaka.

A tsakar gida Baba na zaune kan tabarma, rediyo manne da kunnensa, an ƙure murya har maƙwabta na shan labarai kyauta. Na durƙusa ta bayansa na gaishe shi. Shiru. Na sake. Shiru. Sai da na zagaya ta gabansa ya ga inuwata.

Wannan shi ne abin da ba a faɗa a gidanmu. Injin ya cinye kunnen Baba. Likitan asibitin unguwa ya gaya masa tun bara, ya ce ƙaryar likitoci ce. Yanzu bakin mutum yake kallo ya tsinci magana. Mu kuma mun koyi tsayawa a gabansa, mu yi magana a hankali kamar ba da gangan ba. Yayana da ke taya shi aiki, shi kuma tari ya kama, kullum ya ce mura ce.

Baba ya rage rediyon. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Uwata, an fito?" Sunan mahaifiyarsa aka sa min, haka yake kirana.

"An fito, Baba."

"To, sai mun haɗu a can. Zan zo in ga yadda ake yanka mutum da wuƙar da ya wasa."

Ya mayar da rediyon kunnensa. Wallahi da duka ya yi min da ya fi sauƙi.

Ofishinmu ɗaki ne ɗaya mai tebur huɗu da fanka mai kuka. Na tarar da shugabar sashenmu, wadda muke kira Hajiya, tana cin gyaɗa tana duba zanen rufin kasuwa. Mace ce mai kauri da gilashi a kan hanci, ba ta iya kwana-kwana ba.

"Injiniya, idonki ya kumbura. Kin yi kuka?"

"Hayaƙin gawayi ne."

"Gawayin nan ya san sunan saurayi ke nan." Ta kakkaɓe hannu. "Saurara. In ba za ki iya ba, ba wanda zai ga laifinki. Mataimakina zai karanta. Amma ki sani, shi abin da Kansila ke so zai karanta."

Bari in fayyace muku, don a nan gizo yake saƙar. Hanya biyu ce a gaban majalisar kansiloli. Kansilan mazaɓar kasuwa yana so a ɗauko wani kamfani daga nesa, ya kafa sola, ya riƙe komai, masu inji kuma kowa ya kama gabansa. Ni kuma na kawo wata shawarar. Rufin kasuwa na ƙaramar hukuma ne, to ita ta sa faranti da batura. Amma rarraba wuta, gyara, da kula da mita a damƙa wa masu injin nan, Baba da ƙananan da ke gefensa, bayan hukuma ta koya musu aikin. A kuma bar inji ɗaya don ranar larura. Na sha gwada gaya wa Baba wannan a gida. Da na ce "sola" sai ya kau da kai, kuma Baba in ya kau da kai magana ta ƙare, tunda da ido yake ji.

Kun gani? In na yi ciwon kai, Baba ya rasa komai. In na tsaya, ni in rasa Manaja.

"Zan yi, Hajiya."

"To share fuskarki. Kuma kada ki yi musu turanci."

Zauren ya cika maƙil. Teloli, masu aski, masu niƙa, masu ƙanƙara, matan layin kifi, masu cajin waya. A sahun gaba Alhajin gidan mai ya baje babbar riga mai ruwan madara, ƙamshin turarensa har kan dandamali. Manaja na bayansa, kansa a ƙasa yana murza waya. Baba da Yaya suna can tsakiya, Baba ya sa hularsa ta fita unguwa.

Ciyaman ya fara. Tsohon malamin makaranta ne, gajere, ba ya dogon zance.

"Jama'a, gwamnatin sama tana da manyan tashoshi da manyan alkawura. Mu nan ba mu da tasha. Rufi gare mu: na kasuwa, na asibiti, na makaranta. Rana kuma tana dukansu kullum ba ta tambayi izinin kowa ba. Mun gwada a asibitin unguwa, yanzu ungozoma ba ta karɓar haihuwa da tocila a baki. Saura kasuwa. Injiniya, bismillah."

Na miƙe. Ban ko buɗe baki ba wani ya yi ihu daga baya:

"'Yar mai inji! A gaishe da butulu!"

Aka kwashe da dariya. Na jira ta lafa.

"Gaskiya ne," na ce, "'yar mai inji ce ni. Ina rarrafe a ƙofar gidan injin nan wasunku suka san ni. Shi ya sa na san abin da ku ma kuka sani. Tela, sau nawa ka tsaya da ɗinkin mutane saboda mai ya yanke a gari? Inna mai kifi, sau nawa kika zubar da kaya? Wanne cikinku yake iya amsa waya a layin baya bai fita bakin titi ba?"

Suka fara gyaɗa kai. Wani tela ya ɗaga hannu.

"Ita solar taki za ta ja injin niƙa? Ko fitila kawai za ta ba mu mu yi ta kallon juna?"

Na ce za ta ja, na yi masa bayanin layin da za a ware wa masu manyan injina. Mai ƙanƙara ya tambayi dare, na gaya masa aikin batura. Kansila ya miƙe ya ce wannan aikin ƙwararru ne, ba na masu facin waya ba. Nan zauren ya ɗan yi gunaguni, don masu facin wayar nan su ne mutanen da ake bugawa ƙofa in wuta ta ɗauke.

Sai na zo kan shawarata. Na faɗe ta dalla-dalla, cewa masu inji su za su riƙe wutar. Yaya ya ɗago kai da sauri. Ƙananan masu inji suka fara duban juna. Na kalli Baba.

Fuskarsa ba ta motsa ba. Ya ƙura min ido, ya ɗan karkato kai, amma na yi masa nisa, ga abin magana ya rufe min baki. Duk abin da na faɗa, ko kalma ɗaya ba ta isa gare shi ba. Yana zaune yana jiran wuƙa, bai san ba ita na zo da ita ba.

Ban yi shawara da kowa ba, ko da zuciyata. Na ajiye abin maganar, na sauka daga dandamali, na ratsa tsakanin kujeru har gabansa. Na durƙusa. Na ɗaga fuskata yadda zai ga bakina.

"Baba. Ba korarka za a yi ba. Kai za a ba wutar. Kai da su Yaya. Hukuma ta sa faranti, ku ku riƙe."

Ya daɗe yana kallona.

"Ranar da hadari ya rufe gari fa?"

"Akwai batura. Kuma za a bar inji ɗaya."

Na ga wani abu ya motsa a idonsa, na rantse na gani. Sai wata mata a gefe ta dafe ƙirji ta ce, "Allah sarki, ashe Malam ba ya ji!" Maganar ta bi layi, baki zuwa kunne. Baba bai ji ta ba, amma ya juya ya ga fuskoki. Ya ga tausayi. Mutumin da in ya yi tari kasuwa take tsayawa, yau ana kallonsa ana girgiza kai.

Ya miƙe, ya gyara hularsa, ya fita. Yaya ya bi shi, ya waiwayo ya dube ni da wani ido da ban gane ba, ko zagi ne ko godiya.

Na koma kan dandamali na ƙarasa. Kada ku tambaye ni yadda na yi. Ciyaman ya ce a ɗaga hannu, hannuwa suka tashi kamar dawa a gona. Kansiloli suka shiga ɗaki suka fito, aka ce shawarata ta wuce. Hajiya ta matse min kafaɗa. Alhaji ya tattara rigarsa ya wuce ta gabana kamar bango ya wuce, Manaja na biye da shi. Bai ko kalle ni ba.

Na koma ofis na zauna, na cire takalmi. Na ci nasara, amma bakina ɗaci kamar na tauna maɗaci. Na buɗe waya na rufe. Ba saƙo.

Bayan azahar sai ga kira, shugaban teloli ne.

"Injiniya, kina ina? Babanki ya kashe injina duka ukun, ya sa kwaɗo. Ya ce mu je 'yarsa ta ba mu wuta!"

Farantan da ko isowa ba su yi ba! Na zura takalmi na fito da gudu ina neman abin hawa. A bakin ƙofar sakatariya wata farar mota ta sha gabana, aka sauke gilashi.

"Shiga," in ji Manaja.

"Alhaji ya san ka zo?"

"Fitila, shiga mana."

Na shiga. Ya kama sitiyari da hannu biyu kamar mai koyon tuƙi.

Tun da nake ban taɓa jin kasuwarmu haka ba. Shiru. Ina jin takun mutane, ina jin kukan tattabaru a rufi, ina jin wata tana ciniki daga layi na uku. Masu ƙanƙara sun tsaya cirko-cirko, ruwa ya fara bin ƙasan firij. Jama'a sun yi dafifi a bayan layin teloli, da suka gan ni suka dare.

Baba na zaune a kan bencinsa a ƙofar gidan inji, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Na tsaya a gabansa. Ya miƙo min makullai.

"Ga shi, Uwata. Ke ce hukuma. Ko ki kunna da hannunki abin da kika ce a kashe, ko ki bar shi a kashe kayan mutane su lalace. Zaɓi."

Yana so ya ga ko zan ji kunya ne. Na karɓa. Na cire farin mayafina na ɗaure shi a ƙugu, na buɗe kwaɗon. Zafi da warin dizal suka tare ni kamar tsofaffin ƙawaye. Na duba ruwa, na duba baƙin mai, yadda shi ya koya min ina 'yar firamare. Na murɗa makulli. Babban injin ya yi tari, ya girgiza, ya kama. Na ɗaga makunni, na ji kasuwa ta ɗauki sowa.

Na fito, rigata duk ta ɓaci, na durƙusa a gabansa.

"Baba, ni ba da abincin mutane nake faɗa ba. Yau na kunna. Ranar da faranti suka hau rufi, ni da kai za mu kashe shi tare. Kuma kai za ka ɗaga makunnin sabuwar wutar, ko da kuwa sai na shekara ina durƙuso a nan."

Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Amma bai kau da kai ba. Ya miƙa hannu ya karɓi makullansa.

Sai Yaya ya ja ni gefe, ya kai baki kunnena saboda ƙara.

"Auta, man da ke tanki ba zai kai magariba ba. Na aika gidan mai, an dawo da jarkokinmu. Alhaji ya ce daga yau ko ɗigo kada a ba mu. Sauran gidajen mai kuma duk layi ne, ba dizal."

Na juya. Manaja na tsaye a bayana, ya ji komai. Makullan gidan man suna rataye a ƙugunsa, inda suke kullum. Wayarsa ta fara haske a hannunsa, na ga sunan da ya fito: Alhaji.

Ban roƙe shi ba. Na yi wa kaina alkawari ba zan roƙa ba. Na dai tsaya ina kallonsa, da baƙin mai har gwiwar hannu.

Ya bar ta ta yi ta ƙara har ta kusa yankewa. Sannan ya matsa bayan wani shago inda ƙarar ta yi sauƙi, ya yafito ni da hannu, ya ɗauka ya buɗe murya yadda zan ji.

"Kana ina?" in ji Alhaji.

"Ina kasuwa, Alhaji," in ji Manaja. "Wurin surukina. Zan zo in ɗebar musu mai, mutane na da kaya a firij."

Na matsa kusa da wayar.

"In ka taɓa min famfo," in ji Alhaji a hankali, "ka ajiye makullan a nan, ka nemi wani uban."

Ƙit, ya kashe.

Manaja ya kalli wayar. Ya share gumi da hannun riga. Sannan ya dubi Yaya da ke tsaye nesa kaɗan, ya ɗaga murya yadda ban taɓa jin ya ɗaga ba:

"Yaya, ina jarkokin? A sa su a mota."